Shekarar da Muka Karanta Kwantom a Zauren Iya

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma a duk abin da na rubuta muku shi ne wanda na fi daɗewa ina juya shi a raina kafin in ɗauki biro. Ranar sunan ɗan ɗan'uwanku Bashir ina kishingiɗe a ɗaki bayan azahar, kuna zaton barci nake, na ji ku kuna hira a tsakar gida. Ɗayanku, ba sai na faɗi ko wane ne ba, ya ce:

"Ai da Baba a matsayin babban darakta zai yi ritaya. Tausayin Malam Isiya ne ya datse masa gaba. Ya zauna yana koya wa mutane karatu, mu kuma muka sha wahala."

Babu wanda ya musa. Rabin maganar gaskiya ce, kun sha wahala, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Ɗaya rabin nake so in gyara tun ina da sauran numfashi, domin mahaifiyarku da kakarku Iya, waɗanda suka san yadda aka yi, duk sun riga mu gidan gaskiya.

Na haura shekara ashirin ina koyar da fizik a sakandaren maza ta nan Batsari da takardar shaidar malanta kawai, sai aka fara cewa wanda ba shi da digiri ba zai ƙara gaba ba. Na shiga karatun hutu, wato idan an yi dogon hutu mu tafi jami'a mu yi 'yan makonni, sauran shekara kuma kowa yana gida da littattafansa. Furfura ta riga ta cika mini gemu, kuma a ajin akwai waɗanda ni na koya musu riƙe rula. Ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba tun ina yaro, haka na yi ta hayewa har muka iso kwas ɗin da ake kira kwantom. Shi ne ilimin da ke bayanin halin ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, irin su ilaktiron, ƙwayar nan da ke gudana cikin wayar lantarki. A fizik ɗin da na sani, idan ka jefa dutse ka san ƙarfin jifar, za ka faɗi inda zai sauka. A nan kuwa littafi cewa yake ba za ka iya faɗin inda ilaktiron zai sauka ba, sai dai ka faɗi inda ya fi yiwuwa. Hankalina ya ƙi karɓa, don haka na yi abin da na iya tun makarantar allo, na haddace. Na haddace shafi-shafi, na shiga jarrabawa, aka juya tambayoyin kaɗan, na faɗi warwas. Wata biyu ina ɓoye wa mahaifiyarku. Kuma ƙa'idar ita ce wanda ya sake faɗuwa karo na biyu, karatunsa ya ƙare ke nan.

A gaban allon da ake liƙa sakamako na haɗu da mutum biyu 'yan yankinmu da abin ya shafa. Ɗaya shi ne Malam Isiya, dogon mutum mai sanyin magana, yana koyarwa a wata ƙaramar sakandare can wajen Ruma, yana kuma noma da kiwon shanu tare da ƙanensa Haruna. Ɗayar ita ce Malama Saude, asalinta 'yar Tsaskiya, ita kaɗai ce mai koyar da fizik a makarantar 'yan mata ta Safana, ta yi jarrabawar da goyon wata biyu a bayanta. Ita ce ta kawo shawarar mu riƙa haɗuwa duk Asabar. Ni kuwa girman kai ya motsa mini, na ce:

"Malama, mu ukun nan duk faɗuwa muka yi. Wa zai koya wa wa?"

Ta gyara goyonta, ta ce:

"Ai ba wuri ɗaya muka faɗi ba, Malam Lawal."

Sai na amince. Haka aka tsayar da zauren gidanmu, tun da Batsari ce tsakiya. Muna farawa da hantsi mu tashi kafin la'asar, don kowa ya koma gida da rana saboda hanya. Mijin Malama Saude, ma'aikacin asibitin dabbobi ne, shi ke kawo ta a babur, kuma ya yi sharaɗin wani babba ya riƙa zama tare da mu. Aka ba Iya aikin. Na shafe gefe ɗaya na bangon zauren da baƙin tsohon batir ya zama allo, Iya kuma ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar shiga gida da ƙwaryar gyaɗa tana ɓara, jaririyar Malama Saude tana kwance a cinyarta.

Tsarin na Malama Saude ne. Idan aka ɗauko tambaya, kowa zai juya ya rubuta amsarsa shi kaɗai ba tare da ya leƙa ta wani ba. Sai a nuna. Idan amsoshin sun bambanta, kowa ya kare tasa har a gaji, sannan a sake rubutawa. Makonnin farko ni ke fara gamawa, in ajiye biro da ƙarfi don a ji. Lissafi ba ya ba ni wuya. Ranar Asabar ta uku na cika allo da lissafi, na ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, ta kuma yi daidai da ta bayan littafi. Malam Isiya ya daɗe yana kallon allon, ya ce da irin Hausarsu ta can:

"Malam Lawai, na ga lambar. Amma mi take nuhi? Shi abin nan, mi yake yi?"

Na buɗe baki na kwararo masa Turancin littafi, layi bayan layi. Iya ba ta ɗago kai daga gyaɗarta ba. Kun san ni ne ɗanta na fari, har ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Kai wannan," ta ce, "bawan Allah ya tambaye ka da Hausa. Ka faɗa masa da Hausa mana, ni ma in ji."

Na tsaya da alli a hannu. Wallahi, 'ya'yana, na nemi kalma ɗaya na rasa. Na san yadda ake juya lambobin, amma ban san abin da suke faɗa ba, kuma duk shekarun nan Turanci ne yake rufa mini asiri. Malama Saude ta sunkuyar da kai don kada in ga tana murmushi. Daga ranar muka ƙara doka guda: ba a wuce tambaya sai wanda ya warware ta ya juya ya faɗa wa Iya da Hausa, har ta ce ta ji. Ba kullum take ganewa ba, kuma ba ta taɓa yin ƙaryar ta gane ba. Wani lokaci sai ta ce, "Wannan dai kai ma ba ka yarda da shi ba, muryarka ta nuna." Kuma ba ta cika kuskure ba.

A nan na gane abin da Malama Saude take nufi a gaban allon sakamako. Ni ina da lissafi ba ni da ma'ana. Malam Isiya yana da nawa a lissafi, yakan ɓata shafi guda a abin da zan yi a layi uku, amma ba ya barin abu sai ya gan shi a idon zuciyarsa. Shi ne ya ce mana ƙarfin ilaktiron da aka tsare wuri ɗaya kamar hawa tsani yake, ko kana wannan mataki ko kana na gaba, babu tsayawa a tsakani. Malama Saude kuwa ita ke gano daidai inda mutum ya kauce. Takan bar ka ka yi nisa, sai ta sa yatsa a layi na biyu ta ce, "Nan ne ka ɗauki abin da ba a ba ka ba."

Babbar gardamarmu a kan gwajin tsaga biyu ce. Littafi ya ce idan aka harba ilaktiron ɗaya bayan ɗaya ta wani shinge mai ƙananan tsaga biyu, ba sa taruwa wuri biyu a bango kamar yadda tsakuwa za ta yi. Sai su jeru layi-layi, nan da yawa, nan babu ko ɗaya, kamar yadda haske yake yi. Ni na kafe cewa kowane ilaktiron ta tsaga ɗaya ya bi, mu ne dai ba mu gani ba. Asabar biyu muna wannan. A ta uku Malam Isiya ya zo da 'yar tocilar nan mai jan haske siriri da ake sayarwa a kasuwa tana rataye da makulli. Muka ari fitilar aci-balbal ta Iya, muka turara wani ɓallin gilashi har ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, Malama Saude ta haɗa reza biyu ta ja layi a kai. Sau bakwai muna ɓatawa. Muka rufe ƙofar waje, muka toshe taga da buhu, zauren ya yi duhu da rana tsaka. Da aka haska, sai ga jajayen ɗigo sun jeru a bango, haske, duhu, haske, duhu.

"To, Malam Lawal," in ji Malama Saude, "sa yatsanka a wurin duhun nan."

Na sa. Ta lallaɓa da bakin reza ta rufe tsaga ɗaya. Sai haske ya sauka a kan farcena.

"Ƙofa biyu a buɗe, nan duhu ne. Na rufe ɗaya, haske ya zo. Idan kowanne ta ƙofarsa yake bi bai san da ɗayar ba, yaya rufe ƙofa zai ƙara haske?"

Na ci gaba da kallon farcena. Mahaifiyarku ta shigo da furar da ta dama mana ta tarar da mu cikin duhu, ta tsaya da ƙwarya a hannu, ita ma ta ce a sake ta gani. Iya ta ce, "Ikon Allah," ta kuma ce a dawo mata da fitilarta. Ranar nan na koma ɗaki ina jin abin da ban ji ba tun ina saurayi, wato daɗin gane abu. Shekara ashirin ina tsayawa gaban aji ni kaɗai ne mai amsa, ban san akwai daɗi a ce maka ka yi kuskure ba.

Muna cikin wannan, damina ta kusa faɗuwa, abu biyu suka faru a mako guda. Ranar Talata takarda ta zo an yi mini canjin wurin aiki zuwa Katsina, mataimakin firinsifal a wata babbar makarantar kwana, har da gida a cikin makaranta. Mahaifiyarku ta yi guɗa a tsakar gida, abin da ban taɓa jin ta yi ba sai a biki. Lokacin ɓarayin daji sun fara matsowa, duk wanda ya sami hanyar fita da iyalinsa fita yake. Ranar Juma'a da safe kuma labari ya iso cewa an shiga ƙauyen su Malam Isiya. An kore shanun gaba ɗaya, an ƙone rumbuna, Haruna ya bi sawun shanun, gawarsa aka dawo da ita. Da yamma Malam Isiya ya iso Batsari a ƙafa, da matarsa, da matar Haruna, da yara tara, da abin da kai ya iya ɗauka. Muka buɗe musu sashen baya, wanda babu kowa tun rasuwar baffana. Bayan kwana bakwai na kai masa littattafaina, don nasa sun ƙone. Ya mayar mini da hannu biyu.

"Malam Lawai, Allah shi saka. Ni karatu ya ƙare. Mutumin da bai iya tsare ƙanenai ba, mi zai yi da digiri?"

Saura wata uku a koma jarrabawa. Ni kuma an ba ni mako biyu in kama aiki a Katsina, aikin da ba shi da Asabar ba shi da Lahadi. Kwana huɗu ina juya takardar. Ranar da na yanke, na sami mahaifiyarku a madafi da hantsi tana tankaɗe. Ta riga ta ɗaure kwanukanta na aure a buhu. Na ce mata zan je in roƙa a bar ni a Batsari. Ta ajiye rariyar a hankali.

"Malam, me na ji ka ce?"

Na maimaita. Na ce idan na tafi zaman Asabar ya watse, Malam Isiya kuma ba zai ƙara buɗe littafi ba, ga marayu a wuyansa.

"To a bar masa gidan duka mana," ta ce. "Ya zauna, ya noma gonarka, ban hana ba. Na ba matarsa zannuwana, zan ƙara. Amma ka dubi yaran nan. Aisha kullum tana maganar makarantar kimiyya. Ni ina kwana da takalmi a ƙafa don ban san ranar da za a ce a gudu ba. Allah ya buɗe mana ƙofa, kai ka sa hannu ka rufe, saboda karatun da ko kai ka ce ba a ganin abin da ake karantawa?"

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba halinta ba ne. Hawaye ne kawai suke sauka cikin garin da take tankaɗewa. Na je wajen Iya ina neman mai goya mini baya. Ta saurare ni har na gama, ta ce:

"Kai wannan, matarka Hajara ta fi ka gaskiya. Amma na ga kai ka riga ka gama shawara, neman mai tayawa kake. Ba zan taya ka ba, ba zan hana ka ba. Abu ɗaya nake so, kada ka ce don Isiya kawai ka zauna. Ni ina zauren nan, na ga fuskarka."

A nan gyaran da nake so in yi yake. Na gaya wa mahaifiyarku, na gaya wa mutanen ofis, na gaya wa duk garin nan cewa don Malam Isiya na zauna, kuma mutane suka yi ta yabona. Akwai wannan a ciki, Allah ya sani. Amma akwai tsoro. Na san idan na koma ni kaɗai da littafi a Katsina, haddar nan zan koma, in sake faɗuwa, in zama mataimakin firinsifal da aka kora daga jami'a. Akwai kuma son rai, domin ban taɓa samun abin da nake samu a zauren nan ba, kuma ba na so in rabu da shi. Ba ni nake koya musu ba. A cikin mu uku ni na fi buƙatar sauran biyun. Iya ta gani, ni kuma na bar sunan tausayi ya rufe sauran, har kuka girma kuna ɗora wa bawan Allah nauyin da ba nasa ba.

Na je Katsina na roƙa. Jami'in da na samu ya cire tabarau ya dube ni, ya ce mutane suna layi suna neman a fitar da su daga Batsari, ni ne na farko da ya zo neman a bar shi. Ya ce in sani irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Na ce na sani. Na dawo gida na tarar mahaifiyarku ta kwance buhun tana mayar da kwanuka ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar, gaisuwa da abinci ba su taɓa yankewa ba, amma hira ta yanke. Fura tana zuwa zaure, sai dai aikowa ake.

Malam Isiya bai ce zai dawo ba, ni ma ban ƙara roƙonsa ba. Malama Saude ce ta ce mu ci gaba kawai, mu bar ƙofa a buɗe. Dole ta zauren zai bi in zai fita, don haka Asabar ta farko ya wuce mu ya yi sallama bai tsaya ba. Ta biyu Iya ta ce masa, "Isiya, zauna ka taya ni ɓarar nan, hannuna ciwo yake." Ya zauna bayansa yana kallon allo, yana ɓarar gyaɗa kamar wanda aka ɗora wa aikin gayya. Ta uku ma haka. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A ta huɗu muna kan tambayar katanga. Ilaktiron ya tarar da shingen da ya fi ƙarfinsa. A tsohon fizik dole ya dawo baya, amma a kwantom akwai ɗan yiwuwar a same shi a ɗaya gefen. Tambayar ita ce me zai faru in aka ninka kaurin shingen. Na yi lissafi na kauce a tsakiya ban sani ba, Malama Saude tana shayarwa ba ta duba ba, na juya ina yi wa Iya bayani da Hausa da cikakken ƙarfin gwiwa. Na ce idan ɗaya cikin goma ke wucewa, to an ninka katanga, sai ɗaya cikin ashirin.

"A'a."

Daga bayana maganar ta fito. Malam Isiya bai juyo ba, hannunsa yana cikin ƙwarya.

"Ba haka ba ne, Malam Lawai. Wanda ya wuce rabin hwarko, ai wata katangar ce gabanai irin ta baya. Ɗaya cikin goma na ɗaya cikin goma. Wajen ɗaya cikin ɗari ke nan."

Na ce ban yarda ba. Daga baya wasu sun ce da gangan na yi kuskuren don in jawo shi, har na ji ana ba da labarin a matsayin dabarata. Ba dabara ba ce, kuskure ne tsagwaronsa, kuma da gaske na yi musu. Muka yi ta ja har ya miƙe, ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa, ya karɓi allin daga hannuna. Ya yi lissafin da nawarsa da komai, ya cika allon har ƙasa. Da ya kai ƙarshe ya ja layi, ya tsaya yana kallon abin da ya rubuta, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya jingina goshinsa da bangon ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Malama Saude ta juya fuska tana share ido da gefen hijabi. Da ya lafa, Iya ta ce:

"To, Isiya, wanke fuskarka, duk ka kwashe baƙin bangon. Ka zo ka faɗa mini da Hausa."

Daga nan bai ƙara fashi ba. Muka ƙara Laraba da yamma ni da shi, abin da muka kasa mu ajiye wa Malama Saude. Muka tafi jami'a a mota ɗaya, muka zauna jarrabawar a layi daban-daban.

Yanzu ga abin da shawarata ta jawo, kada in taƙaita shi. Shekarun da suka biyo baya sun fi waɗanda suka wuce muni. An rufe makarantu ba sau ɗaya ba, kuka zauna a gida watanni. Kun san gudu, kun san kwana a gidan mutane. Takarda irin waccan ba ta sake zuwa ba, na yi ritaya ina malamin aji. Aisha, ke kika fi kowa biya. Kina da kan kimiyya fiye da nawa, kuma makarantar da kike so tana can bayan katangar gidan da aka ba ni a Katsina. Ba ki taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa yi miki ba, kuma wannan shirun laifina ne. Ki yafe mini. Ban san ko na yi daidai ba. Na san 'yan matan Safana ba su rasa malamarsu ba, na san marayun Haruna sun yi karatu a hannun baffansu, na kuma san tun daga shekarar ban ƙara tsayawa gaban aji ni kaɗai ina zuba ba, sai in jefa tambaya in ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi. Amma ba ni da ma'aunin da zan ɗora wannan a gefe, in ɗora ku a gefe.

Sakamako ya fito bayan kaka. Malama Saude ce ta bugo waya da hantsi, tana dariya har maganar ba ta fita. Duk mun haye. Malam Isiya ne na sama a cikinmu, yana cikin na gaba-gaba a ajin duka, ita tana biye da shi, ni kuwa da ƙyar na tsallake. Na shiga gida na sami mahaifiyarku tana shanya. Na tsaya a bayanta kamar yaron da ya kawo katin makaranta, na faɗa mata. Ta tambayi na kowa, na faɗa. Ta juyo da jiƙaƙƙen zane a hannu.

"Wato duk abin nan da aka yi, kai ne na ƙarshe?"

Na ce ni ne. Ta dube ni, ta dube ni, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ban ji ba wata biyar. Ta yi har ta zauna a kan turmi. Da ta nutsu ta goge ido ta ce:

"Malam, ka ji da kyau. Ban yarda ka yi daidai ba, kuma ko gobe aka tambaye ni haka zan ce. Amma na gaji da fushi. Je ka kamo mini jan zakaran nan."

Zakaranta ne da take tattali tun yana ɗan tsako. Na yanka, ta gyara, ta yi dambun shinkafa, ƙamshi ya cika unguwa. Da aka zo rabo ina zaune a gefe ina kallo, ta ɗebi cinyoyin biyu da ƙirji ta zuba a babban kwano ta rufe, ta ce a kai sashen baya. Ta ware na Malama Saude a ɗan langa, a ba direban Safana. Ni ta turo mini wuya da fiffike ɗaya. Na dubi kwanon, na dube ta.

"Kowa da makinsa," ta ce, ta zauna kusa da ni, ta sa hannu muka ci tare.